Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk wanda ya bar birnin Kano ya nufi arewa, ko ta hanyar Katsina ya ratsa Dawanau da Bichi da Tsanyawa, ko ta hanyar Daura ya bi ta Ɗambatta, ba zai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, ƙauye yana hangen ƙauye, sai itatuwan ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya tsaitsaye a tsakiyar shuka. Mutanen wannan ƙasa sun daɗe da daina barin saura, domin ba su da filin da za su bari ya huta. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, shi da abokin aikinsa sun bincika zaman mutanen karkarar Kano, suka buga littafi a 1965. Sun tarar da mutum fiye da miliyan 2 a kewayen birnin, suna noman gona ɗaya kowace shekara, ba ta kuwa mutu ba. Asirin abin shi ne taki. Jaki ya kai itace birni ya komo da shara, akuya da tunkiya su ci harawa a turke, a kwashe kashinsu a kai gona da rani. Yau yawan mutanen ya ninka na wancan lokaci, gonakin kuwa sai ƙara tsagewa suke yi wajen rabon gado.

Manomin da ya iya wannan aiki ba ya bukatar a koya masa noma. Abin da ya fi karya shi, bayan fari, shi ne farashi. Shekara tamanin ke nan da 'yan kai Gwamnati tana sa hannu cikin farashin amfanin gonarsa, kuma in aka bi tarihin abin daki-daki za a ga hanya biyu ta fi bi. Ko dai ta danne farashin don amfanin wani, ko kuwa ta ɗaga shi, manomi ya saki jiki, sa'an nan ta sake shi ba sallama. Wannan ba daidai ba ne, kuma akwai yadda za a gyara.

Darasin dalar gyaɗa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka kafa sikeli, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Gwamnatin Ingila ta karɓe sayen gyaɗar da ake fitarwa. Yaƙi ya ƙare, amma ba a sake ta ba. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 kuma aikin ya koma hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Dokar ita ce, hukuma kaɗai ke fitar da gyaɗa waje, ita ke yanka farashi kowace kaka, wakilanta masu lasin su ke saye a madadinta.

Dalilin da aka bayar mai daɗin ji ne. An ce farashin duniya hawa da sauka yake yi, saboda haka a shekarar tsada hukuma za ta riƙe wani abu, ta ajiye wa manomi, in shekarar araha ta zo ta cika masa. To, riƙewar an yi ta sosai. Ya zuwa 1954 hukumomin ciniki huɗu na Nijeriya, watau na koko da gyaɗa da auduga da kwakwar manja, sun tara rarar da ta kusa fam miliyan 120. Wani masanin tattalin arziki, Gerald Helleiner, ya yi lissafi cikin littafinsa na 1966, ya nuna cewa daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960, in aka haɗa rarar hukuma da kuɗin fito da sauran haraji, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da ya kamata ya shiga aljihun manomin gyaɗa bai shiga ba. Watau cikin kowane buhu huɗu, ɗaya na Gwamnati ne. Wannan kuwa ban da harajin da dagaci ke karɓa da kaka, wanda ke tilasta wa talaka ya sayar da gyaɗarsa da wuri, ko farashi ya yi masa ko bai yi ba. Sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Gaskiya ne kuɗin ba duka aka ɓarnatar ba. An yi hanyoyi, an gina makarantu, da kuɗin hukuma aka sa hannu wajen kafa masaƙar Kaduna wadda ta fara aiki a 1957. Amma a duba inda ayyukan suka fi zama, a duba kuma inda kuɗin ya fito. Dala tana birni, ana ɗaukar hotonta ana kai wa duniya, wanda ya noma ta kuwa yana ƙauye yana shan ruwan kududdufi. Akwai shekarun da farashin Nijar ya fi na hukuma, manoma da fatake suka riƙa tsallakar da gyaɗa da dare zuwa ƙasar Maraɗi da Damagaram. Aka kira su 'yan fasa-ƙwauri, alhali kuwa guminsu suka bi inda ya fi daraja.

Ranar cikawa fa? Ta zo. Fari ya auku daga 1972 zuwa 1974. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. A ran nan ne manomi ya fi bukatar ajiyarsa, sai ya tarar rumbun wayam. Kuɗin man fetur ya shigo, hankalin Gwamnati ya koma can, samari suka bar fartanya suka tafi ƙwadago birni. Ƙasar da ta taɓa zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da gyaɗa ta koma sayen man girki daga waje. Ba farashi kaɗai ya kashe dalar gyaɗa ba, amma shi ya raunana manomi har fari da cuta suka same shi ba shi da abin tashi.

Hukumar hatsi, da sha'ir, da alkama

A 1977 Gwamnatin Tarayya ta sake tsari, ta kafa hukumomi bakwai, ciki har da ta hatsi. Aikin wannan hukuma shi ne ta sanar da farashin da hatsi ba zai faɗi ƙasa da shi ba, ta kuma saya in kasuwa ta faɗi. Niyyar mai kyau ce. Sai dai farashin da take sanarwa yawanci yana ƙasa da na kasuwa, abin da take saye kuma kaɗan ne ƙwarai. Wa zai ɗauki dawarsa ya kai ofis a biya shi ƙasa da abin da dillali zai ba shi a kasuwar Bichi, kuma ya jira takarda? A 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka rushe hukumomin duka.

A wannan zamani ne Gwamnati ta juya ga wata dabara, watau buɗe ƙofar ƙasa da rufe ta. A 1985 aka hana shigo da shinkafa da masara, a 1987 aka hana alkama, a 1988 aka hana tsiron sha'ir da masana'antun abin sha ke sayowa daga Turai. Sha'ir ba amfanin gonar Kano ba ne, amma hana shi ya taɓa Kano, domin kamfanonin sun koma ga dawa da masara, dawar Arewa ta sami sabuwar kasuwa. Alkama kuwa, Gwamnati ta yi ta kiran manoman rani na Kadawa da sauran wuraren ban ruwa su dage da nomanta. Suka amsa, suka ci bashi, suka sayi injin ban ruwa. A 1992 aka ɗage hanin, alkamar waje ta dawo, ta gida ta rasa masaya a masana'antun fulawa. Ba wanda ya biya manomi hasarar abin da aka ce masa ya yi.

Hatsin kaji

Yau akwai wani babban mai saye a kasuwar hatsi wanda kakannin manoman Kano ba su san shi ba, shi ne injin abincin kaji. Rabin abincin kajin gidan gona ko fiye da rabi masara ce, sauran kuwa waken soya ne da ƙuli-ƙuli da dusa. In masara ta yi tsada, masu injin su koma ga dawa. In ta yi araha, su bar dawa. Saboda haka farashin biyun tare suke tafiya, gero kuma yana bin sawunsu. Manomin Kunchi ko Makoɗa, wanda ruwan ƙasarsu bai cika isar masara ba, dawa da gero da wake da gyaɗa ya fi nomawa. Duk da haka, ranar da jirgin ruwa ya sauke masara a Ikko, sai ya ji a jikinsa, domin 'yan kasuwar Dawanau, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, sun ji labari ta waya tun kafin a gama sauke kaya.

A watan Yuli na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya daina ba da kuɗin waje don sayo masara, wai don a ƙarfafa manomin gida. Manomi ya yi murna. Watan Satumba bai wuce ba, ga kaka ta gabato, sai aka ji an ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000 na masara saboda abincin kaji. Ƙofar da aka rufe da shuka aka buɗe ta da girbi.

Abin da ya faru daga 2023 ya fi wannan girma. A watan Mayu aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kuɗin mota da na taki da na maganin feshi da na ɗan ƙwadago duka suka tashi, hatsi ma ya tashi. Jama'a suka shiga wahala mai tsanani. A watan Fabrairu na 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe waɗansu ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, ma'aikatan kwastan kuma suka riƙa tare motocin hatsi masu nufar iyaka. A watan Yuli na shekarar Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Da ƙa'idodin suka fito, aka ga har da dawa da gero, aka kuma ga sharuɗɗan da sai manyan kamfanoni masu injin niƙa ko manyan gonaki za su iya cikawa.

Farashin hatsi ya sauka cikin 2025, ya yi ta sauka. Ba shigo da hatsi kaɗai ya kawo haka ba, domin damina ta yi kyau, naira ta ɗan tsaya, masu ajiya kuma suka tsorata suka fito da kayansu. Amma taki bai sauka tare da shi ba. Da kakar 2025, a kasuwanni da yawa na Arewa, buhun masara mai kilo 100 ba ya sayen buhun takin zamani mai kilo 50. Ƙungiyoyin manoma suka yi ta kuka. A cikin sanarwar nan ta Yuli 2024 an yi alkawarin za a yanka farashin kariya, a saye rarar manomi a zuba rumbunan Gwamnati. Ƙofar da aka buɗe, kowa ya ga abin da ya shigo ta cikinta. Farashin kariya kuwa, a je kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi a tambayi masu tiya ko nawa ne cikinsu suka kai buhu suka karɓa.

Abin da masu kare wannan hanya ke cewa

Suna cewa talakan birni yana jin yunwa, Gwamnati ba za ta zura ido ba. Wannan gaskiya ce, ba mai hankalin da zai so tsadar 2024 ta dawo. Suna cewa masu kiwon kaji su ma manoma ne, da yawa sun rufe gidajen gonarsu saboda tsadar masara, ƙwai ya fi ƙarfin yara. Wannan ma gaskiya ce. Suna ƙarawa da cewa ƙaramin manomin karkarar Kano shi kansa mai sayen hatsi ne, domin abin da ya noma ba ya kai shi wata shida ko bakwai, saboda haka araha ta fi masa. Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, ita ce kuma ta fi bukatar a dube ta da kyau.

Ƙaramin manomi mai sayarwa ne da kaka, mai saye ne da bazara da damina. Da kaka bashin taki yana jiransa, ga kuɗin makaranta, ga magani, ga auren 'ya. Dole ya sayar sa'ad da kowa ke sayarwa. In farashin kaka ya faɗi, abin da buhu biyu za su biya sai ya ci buhu huɗu, rumbun da zai kai shi watan bakwai ya ƙare a watan huɗu. Wanda ya sayi buhunan nan a arha, mai kuɗi ne ko mai injin abincin kaji, ya kulle su a sito. Araha ta kaka ba ta taimaki ƙaramin manomi ba, ita ce ta kwashe rumbunsa. Sa'an nan mutumin nan da rani ɗan ƙwadago ne, ko mai ƙira, ko mai ɗinki, ko mai kiwon tumaki don Babbar Salla. Masu ba shi aiki da masu sayen kayansa manyan manoman ƙauyensu ne. In suka yi hasara, shi ma ya rasa ciniki.

Ga kuma abin da ke biyo baya, wanda ya shafi ɗan birni da mai kaji gaba ɗaya. Manomin da ya yi hasara bana, baɗi zai rage taki ko ya rage shuka. Gonar karkarar Kano kuwa, wadda ba ta hutawa, ba ta yafe rashin taki. In amfani ya ragu, tsada ta dawo, a sake cewa a buɗe ƙofa, a nemi dalar Amurka da ƙasa ba ta da ita a ba manomin wata ƙasa. Araha irin wannan bashi ce da ruwa, mai ci bana shi zai biya baɗi.

Ciyar da mayunwaci wajibi ne a kan jama'a duka. Abin da ba shi da kyau shi ne a ɗora kuɗin ciyarwar a kan mutum ɗaya, kuma a zaɓi wanda ya fi kowa rauni. Ma'aikaci yana da ƙungiya, in aka taɓa albashinsa ya tafi yajin aiki. Masu masana'antu da masu kaji suna da ofis a Abuja, suna ganin Minista. Manomi yana warwatse cikin ƙauyuka, ba ya iya yajin aiki, domin damina ba ta jira. Shi ya sa kullum shi ake yanka wa.

Abin da ya kamata

Na fari, a sanar da farashin kariya tun kafin ruwan shuka, a lissafa shi bisa abin da manomi ke kashewa na taki da iri da ƙwadago. Ƙasar Indiya tun 1965 take da hukumar da ke wannan lissafi, tana sanar da farashi na amfanin gona fiye da iri 20 kowace shekara, ciki har da sha'ir da dawa da gero da masara da gyaɗa. Su ma tsarinsu yana da aibi, domin alkama da shinkafa Gwamnati ta fi saye, manoman sauran kuwa sau da yawa farashin a takarda yake tsaya musu. Darasin a fili yake: sanarwa ba tare da saye ba, ihu ne bayan hari.

Na biyu, saboda haka, a kafa wurin saye a manyan kasuwannin ƙauye daga watan Oktoba zuwa Disamba, da sikeli na gaskiya, a biya nan take. Abin da aka saya a ajiye shi, a fito da shi tsakiyar damina sa'ad da rumbuna suka ƙare. Da haka an taimaki manomi sau biyu, an kuma taimaki ɗan birni da mai kaji da hatsin gida. Rumbun tsimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

Na uku, in tilas ta sa a shigo da hatsi, a faɗi yawansa, a faɗi sunayen masu shigo da shi, a faɗi ranar da za a rufe, kada kuma ya iso da kaka. Wanda ya ce wa mutum ya shuka, bai kamata ya sake doka ba sai an girbe.

Na huɗu, a taimaki ƙungiyoyin manoma su gina ɗakin ajiya. A Jamhuriyar Nijar akwai ƙauyukan da ke bin wata dabara: manoma su zuba hatsinsu a ɗaki ɗaya, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya hannun ƙungiya, ɗaya hannun mai ba da rance. Su karɓi rance su biya bukatar kaka, in farashi ya tashi a buɗe, su sayar su biya, riba ta zauna ƙauye. Abin da aka iya a ƙasar Maraɗi ba zai gagari Minjibir da Gezawa ba.

Akwai kuma aikin da ke kan manomi da kansa, musamman wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci. A zamanin gyaɗa, amfanin karatu na farko da talaka ya gani shi ne ya karanta sikeli da takardar haraji, kada a cuce shi. Yau ma haka ne. Ya sami littafi, ya rubuta kowane kwabo da ya kashe a gona tun daga sharar gona har zuwa sussuka, ya rubuta buhu nawa ya samu, da nawa ya sayar. In manoma ashirin na ƙauye ɗaya suka haɗa littattafansu, suka kai wa malamin gona da ɗan majalisarsu, magana ta wuce kuka ta zama hujja. Ɗan majalisa yana iya kau da kai daga kuka, amma lissafi a rubuce yana da wuyar musu, balle in masu shi suna da ƙuri'a.

Manomin arewacin Kano ya riƙe ƙasa ɗaya shekaru aru-aru bai bar ta ta mutu ba. Ya gina dala da gyaɗarsa, ya ciyar da birni da geronsa, yanzu har kajin Ibadan dawarsa suke ci. Bai roƙi sadaka ba. Abin da yake nema shi ne ya san farashi kafin ya zuba iri, kuma wanda ya faɗa masa farashin ya tsaya a kan maganarsa har a kai amfani gida. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya ba talakawa damina mai albarka.